A Auna Ruwan Burtsatse Kafin a Yanke Ƙyalle

Ranar da aka buɗe rijiyar burtsatse ta ƙauyenmu, can gefen fadamar Wurno, ina cikin waɗanda aka ba kujera a sahun gaba, don an san na daɗe ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare. An kafa rumfa, makaɗa sun zo, babban baƙo ya yanke ƙyalle, famfo ya tsiyayo. Ɗan kwangila ya tara tafin hannu ya kurɓa, ya ɗaga kai ya ce, "Jama'a, kun ga ruwa garai-garai, ko a Abuja sai haka." Aka ɗau tafi. Da taro ya watse na bi shi har bakin mota na ce, "Alhaji, ina takardar awon ruwan?" Ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, wane awo kuma? Ba ga shi ka gani da idonka ba?"

Bayan sallar isha'i Baffana ya aiko a kira ni zaure. Labari ya riga ni isa. Ya ce, "Kai yaron ga, mi kaka biɗa? Shekara nawa matanmu na ɗauko ruwa tun daga gulbi? Yau an kawo muna har ƙofar gida, kai ko sai tone-tone." Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa." Ba a yi wa babba gardama a zaurensa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma amsar da ban ba shi a daren nan ba ita ce nake rubutawa yau.

Mu mun gaji sanin ruwa ta ido da harshe. In ya yi laka a jefa masa alif ko dakakkun 'ya'yan zogale, a bar shi ya kwanta a randa. In ya yi zartsi a ce rijiyar ba ta sha ba ce, ta wanki ce. In bokiti ya yi ja a gindi an san akwai ƙarfe. Wannan sani ya raya iyayenmu, ba na raina shi. Sai dai akwai abubuwan da ke narkewa a ruwan ƙarƙashin ƙasa waɗanda ba su da launi, ba su da wari, harshe kuma ba ya jin su. Yuraniyom na cikinsu. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a kan maikurogiram 30 cikin kowace lita. Ga yadda nake fassara wa ɗalibaina wannan adadi: ka ɗauki dunƙulen magi guda, ka raba shi huɗu, ka ɗauki kashi ɗaya, wato kusan giram guda, ka narka shi a tankar mai ta lita 33,000. Da ya ɗara haka, an ƙetare iyaka. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a nan ido bai san komai ba.

Da an ce yuraniyom sai hankali ya tafi ga bam da tashar nukiliya. A ruwan sha kuwa, inda ya fi ɓarna shi ne ƙoda, kamar yadda sauran ƙarafa masu guba ke yi, a hankali, shekara da shekaru, ba zazzaɓi ba gudawa balle a farga. Tafasa ruwa ba ya fitar da shi. Tururi ne ke tashi, shi yana nan a tukunya, har ma ya ƙara taruwa. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa layin wankin ƙoda a Sakkwato ya san abin da ake sayarwa a gida kafin wata ya zagayo. Ciwon ƙoda yana da dalilai da yawa, hawan jini da ciwon sukari na kan gaba, kuma ba na ɗora wa ruwa laifin da ba a kama shi da shi ba. Abin da nake cewa shi ne, a cikin waɗannan dalilai akwai guda da za a iya tantancewa da kwalba ɗaya ta ruwa.

Me ya haɗa mu da yuraniyom, mu da ba mu da mahaƙarsa? Ƙasar da muke takawa ce ta haɗa mu. Mu mun san Wurno da ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa ke nan cikin garin. Masana duwatsu kuwa sun san Wurno da wani abu daban: sun raɗa wa wata shimfiɗar dutse da yashi sunanta, kamar yadda suka raɗa wa wasu sunayen Taloka, Dukamaje, Dange da Kalambaina. Sun ce fiye da shekaru miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki. Shaida tana nan: a 1972 wasu masana 'yan Italiya suka sa wa wani ƙaton dabban teku da aka tono ƙasusuwansa a nan suna Goronyosaurus, don tunawa da ƙasar Goronyo. Tekun nan shi ya bar mana dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina, ya kuma bar dunƙulallen dutsen fosfet a shimfiɗar Dange. A ko'ina a duniya, fosfet ɗin da teku ya bari yana ɗauke da ɗan yuraniyom a jikinsa. Haka Allah ya halicce shi.

Wannan kwarin ƙasa namu ɓangare ne na wani babba da ya ratsa Nijar har Mali, kuma a ƙarshensa na arewa maso gabas ne Arlit take. Tun 1971 ake fitar da yuraniyom a can. Mahaƙar Cominak ta Akuta ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a watan Maris na 2021, ta bar tarin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. A 2010 ƙungiyar Greenpeace ta ba da rahoton cewa huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗebo a yankin sun wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin. Mutanenmu da dama sun yi ci-rani a Arlit, sun san garin. Amma kada wani ya ɗauki wannan ya hau Facebook yana cewa gubar Arlit ta gangaro rijiyoyin Wurno. Tsakaninmu da can ya fi kilomita 600, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa tafiyar hawainiya ma ta fi tasa sauri nesa ba kusa ba. Darasin Arlit shi ne yadda jama'a ke shan ruwa shekaru ba su san abin da ke ciki ba, sai wani ya zo daga waje da kwalba. In akwai abin dubawa a wurinmu, a gindinmu yake.

Yuraniyom da ke kwance a dutse inda iska ba ta kai ba, ba ruwansa da kowa. Abu biyu ke tayar da shi. Na farko iskar oksijin, wadda ke kutsawa idan aka zuƙe ruwan ƙasa ya ja baya. Na biyu naitiret, wanda ke tsatsafowa daga takin zamani da shaddar da aka haƙa kusa da rijiya. Da ya tashi, in ya tarar da ruwan da ya ratsa dutsen farar ƙasa, sai ya samu abokin tafiya ya ƙi kwantawa. Ba zato ba ne wannan. A 2018 masu bincike daga Jami'ar Duke ta Amurka suka gwada rijiyoyi a Indiya, suka samu kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka auna a jihar Rajasthan sun wuce iyaka. Tushen yuraniyom ɗin dutsen wurin ne, amma yawan zuƙar ruwa don noma da naitiret na cikin abubuwan da suka fito da shi.

Yanzu mai karatu ya zo fadamarmu da rani. Daga Lugu har Kwargaba, daga Goronyo har gaɓar gulbi a Rabah, ƙarar injin ban-ruwa ce ke tayar da mutum da asuba. Albasa, tafarnuwa, shinkafa, alkama, kowace kadada da buhunan yuriya da kamfa. Ni ma ina da fegi biyu na albasa, kuma ba na jin kunyar cewa da takin nan nake biyan kuɗin makarantar yara. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, mai cin ruwa mita kubik miliyan 942, ita ce garkuwarmu, amma mun ga yadda ta janye a 2018 har aka ce bai fi kashi goma cikin ɗari ya rage ba. Duk shekarar da ruwan sama ya gaza, ƙasa muke komawa mu zuƙa. Ga dutse mai fosfet, ga farar ƙasa, ga taki, ga zuƙa. Ban ce ruwanmu da guba ba. Na ce duk alamomin da ke sa mai hankali ya auna sun hallara, rijiyar ƙauyenmu kuwa an miƙa mana ita ba takarda.

Wasu sun riga mu faɗawa wannan rami da kyakkyawar niyya. A Bangaladash, tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin bututu don a raba jama'a da ruwan kududdufi mai kashe yara da gudawa. An yi nasara a kan gudawa. Ba wanda ya auna sinadarin asenik, sai a 1993 aka tabbatar yana cikin ruwan, bayan miliyoyin mutane sun sha shi shekaru. Kusa da gida, a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum kafin a gane bakin zaren. A watan Afrilun 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar tana binciken wata cuta mai kumbura ciki da ta kama mutum fiye da 160, yawancinsu yara, a ƙaramar hukumar Isa, nan gabashinmu, kuma gwajin farko ya nuna dalma a jinin wasunsu. Kullum sai an yi jana'iza sannan kayan awo ke isowa.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuta wannan shi ne maganin ba a sama yake ba. Ƙasa ce ke sakin yuraniyom, ƙasa ce kuma ke kama shi. A 1997, a wani wuri da ake kira Fry Canyon a jihar Utah ta Amurka, inda aikin ma'adini ya gurɓata ruwan ƙasa, masana suka haƙa ramuka a kan hanyar da ruwan ke bi, suka cika su da abubuwa uku: ɗaya gawayin ƙashi, ɗaya ƙarfe tsantsa, ɗaya kuma sinadarin tsatsar ƙarfe. Ba inji, ba lantarki. Ruwa ya ratsa waɗannan katangu da kansa ya fita ta ɗaya gefen. Dukkansu sun kama yuraniyom, katangar ƙarfen kuwa ta cire fiye da kashi 99 cikin ɗari a shekarar farko. Ƙarfe yana mayar da shi halinsa na asali wanda ba ya narkewa, tsatsa tana manne shi a jikinta, shi kuwa ƙashi yana ɗaure shi da fosfet ya zama dutse.

Sirrin ƙashi wani ma'adini ne mai suna afatayit, haɗin kalsiyom da fosfet, wanda da shi aka gina haƙoranmu. A garin Rifle na jihar Kolorado, inda aka taɓa sarrafa yuraniyom, masana daga cibiyar bincike ta Sandia ba su ma haƙa rami ba. Sun ɗura ruwan sinadarai ta rijiyoyi, ƙananan halittun cikin ƙasa suka cinye abin da ke riƙe da kalsiyom, ya saku ya haɗu da fosfet, afatayit ya tsiro a tsakanin ƙwayoyin yashi, yuraniyom ɗin ruwan ya ragu.

Da na karanta waɗannan sai na tuna bayan mahauta a kasuwar Achida, inda ƙashi ke tare tuli guda kafin masu abincin kaji su zo su kwasa. Na tuna garin ƙarfe da ke zuba a gaban masu walda, da jar marmarar da muke fasawa mu yi ciko, wadda jan nata tsatsar ƙarfe ce. Ƙasar jar akuya da shanu ba za ta rasa ƙashi ba. Kuma ba sabon abu ba ne a Afirka: a Nakuru ta ƙasar Kenya an daɗe ana gasa ƙashin dabbobi ana tace sinadarin fuloraid daga ruwan sha, haka ma a Habasha. Su sun koyi cewa aikin yana da gwaninta. In ƙashi bai gasu ba ruwa zai yi ƙarni. In wuta ta yi yawa har ya yi fari fat, ƙarfinsa ya ragu. Mu kuma muna da wata tambaya da dole a amsa tun farko, ta tsarki. Baffana ba zai yi alwala da ruwan da ya bi ta kan ƙashin da bai san asalinsa ba, kuma yana da gaskiya. A ɗauko daga mahautarmu inda aka yanka da sunan Allah, a zaunar da malamai a nuna musu yadda ake yi, su faɗi hukunci. In aka tsallake wannan, matatar za ta zama turken ɗaure akuya.

Sai dai a nan ne nake jan kunnen masu gaggawa, har da ni kaina. Kada wani ya karanta wannan ya daka ƙashi ya zuba a randa. Kada kuma a ce tunda muna da dutsen fosfet a Dange sai a niƙa a tace ruwa da shi, domin shi ya riga ya sha nasa yuraniyom tun a teku, yana kuma iya zuwa da wasu ƙarafa. Ruwan da ya ratsa farar ƙasa, irin wanda ake samu a yankinmu, yana rage wa wasu matatun ƙarfin kamu, don haka abin da ya yi aiki a Utah sai an gwada shi da ruwan Taloka. Kowace matata tana ƙoshi, in ta ƙoshi kuwa ta daina kamawa, mai sha bai sani ba. A Monticello, duk a jihar Utah, katangar ƙarfen da aka gina a 1999 ta toshe bayan 'yan shekaru saboda farar ƙasa da ta daskare a cikinta. Amurka ke nan, inda ake da masu dubawa. Mu da muka san yawan famfunan sola da suka mutu don an rasa mai sauya waya guda, dole mu tambayi wa zai sauya gawayin, da wane kuɗi, kuma ina za a binne tsohon, tunda gubar duk ta taru a cikinsa. Matatar da ba a aunawa ta fi rashin matata haɗari, don tana sa mutum ya saki jiki.

Saboda haka komai ya dawo kan awo. Sau da yawa ma in an auna ba a buƙatar matata. A Bangaladash fenti suka ɗauka: rijiya mai kyau a shafa wa bakin famfonta kore, mai guba a shafa ja. Ta ja a yi wanki, ta kore a sha. Rijiyoyi biyu a gari ɗaya kan bambanta, don kowace da shimfiɗar da ta taɓo. Gwangwanin fenti ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa.

Na san abin da za a ce. Za a ce mutanen da 'yan bindiga suka hana barci, waɗanda suka kwana a makarantar Gandi bayan harin Tabanni na 2018, ina su ina maikurogiram? Za a ce amai da gudawa ne ke kashe yaranmu yau. Duka gaskiya ne, kuma da za a ce in zaɓa tsakanin burtsatse marar takarda da ruwan kududdufi, burtsatse zan ba jikokina. Amma ba wanda ya ce a zaɓa. Inda aka tara dubban mutane a kan famfo guda, nan ne awo ya fi zama wajibi. Kwalbar da za a aika a duba yuraniyom ita ce za a duba dalma, asenik, fuloraid da naitiret a cikinta. In aka kwatanta da kuɗin haƙa da tanki da sola, kuɗin awo bai taka kara ya karya ba.

Masu yi muna da su. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan Sakkwato da malaman kimiyyar sinadarai da na duwatsu. A Zariya akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, akwai Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, akwai hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha. Roƙona ga Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato shi ne ta sa a doka cewa ba za a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe ba sai ya kawo sakamakon awo daga ɗakin gwajin da aka amince da shi, a kuma liƙa kwafinsa da Hausa a jikin tanki, a ba hakimi nasa. Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo su haɗa kai a bi rijiyoyin da ake da su ɗaya bayan ɗaya, rani da damina, a fara da na makarantu da asibitoci da na bakin fadama. Jami'a kuma ta ba ɗalibanta aikin gwada gawayin ƙashinmu da marmararmu da ruwanmu, a buga sakamakon inda manomi zai ji, ba a kulle shi a kabad ba. In an auna an samu lafiya lau, alhamdu lillahi, mun sayi kwanciyar hankali da araha.

Makon jiya na wuce ta wurin famfon da hantsi. Jarkoki sun yi layi, wata yarinya da ba ta fi shekara shida ba ta kafa baki a bututu tana sha, ruwa na bin haɓarta. Jikar Baffa ce. Shekara hamsin ko sittin na shan wannan rijiya ke gabanta in Allah ya ba ta rai. Mai karatu, in an zo buɗe burtsatse a garinku, ka yi tafi, ka yi godiya, ka sa albarka. In an gama, ka bi ɗan kwangila har bakin mota ka tambaye shi takardar awo.